Rediyo Mai Cin Kwabo da Akwatin Rediyon Waya: Hanyoyin Raya Su

Gabatarwa

Maƙasudin wannan takarda shi ne bayyana yadda ake raya tsofaffin akwatunan rediyo na haya, watau waɗanda sai an biya kuɗi kafin a saurara. A Amurka, bayan Yaƙin Duniya na Biyu, kamfanoni irin su Tradio da Coradio sun ƙera rediyon da ake kafawa a ɗakunan otal-otal. Baƙo yakan jefa santi 25 a wata kafa, rediyo ya kama har awa ɗaya ko biyu, sa'an nan agogon cikinsa ya yanke wuta.

Takwaransa a ƙasar nan shi ne akwatin rediyon waya, wanda aka fara a Ikko a 1935, ya iso Kano a 1944. Lasifika ce kawai cikin akwati, ana aiko mata shirye-shirye ta waya daga tasha, mai gida yana biyan kuɗin haya.

Matakan Gyara

Idan rediyo mai cin kwabo ya faɗo hannun mai gyara a Dukawuya ko wata unguwa cikin birni, kada ya yi garajen jona shi. An ƙera shi ne don wuta mai ƙarfin bolt 110, alhali tamu ta ninka haka. Sai an sa taransifoma a tsakani. Na biyu, a sauya kwandansa na takarda, domin tsufa kan sa su yoyon wuta har su ƙona wasu sassa. Na uku, a wanke hanyar kwabo da haƙoran agogo, a ɗiga musu mai kaɗan. Bugu da ƙari, wutar Amurka tana juyawa sau 60 a daƙiƙa, tamu sau 50. Saboda haka agogo mai bin juyin wuta zai mai da awa guda minti 72.

Akwatin waya kuwa gyaransa bai wuce liƙe takardar lasifika da feshe katako saboda gara ba.

Kammalawa

Abin tsoro shi ne 'yan gwangwan, masu farfasa irin waɗannan kaya don jan ƙarfen cikinsu. Ya kamata a tattara waɗanda suka rage a wuri kamar Gidan Makama, a rubuta tarihin kowanne daga bakin dattawan da suka saurare shi tun suna raye.