Yadda Ake Mai da Mota Ɗakin Kwana

Wanda duk ya taɓa tashi daga Birnin Kebbi zuwa Argungu lokacin bikin kamun kifi, wanda aka faro tun 1934, ya san masauki kan yi wa baƙi ƙaranci, saboda haka maslaha ce mai bas irin Hiace ya mai da ita makwanci. Akan kwance kujerun baya, mai walda ya ƙera gado, a bar ma'ajiyar kaya ƙarƙashinsa, a ɗora farantin sola bisa rufi domin fanka, sannan a sa raga a tagogi, gama sauron fadamar Rima ba shi da sassauci. Wajibi ne kuwa a kashe inji, a fitar da garwashi kafin a kwanta, domin iskarsu mai guba, wadda hanci ba ya ji, takan halaka mai barci.