Harajin Iyaye da Karatun 'Ya'ya a Amurka

A wurinmu, samun magidanci sirri ne. Yaro kan girma har ya yi iyali bai san nawa mahaifinsa ke samu a wata ba, tambayar ma rashin kunya ce. A Amurka kuwa, ɗalibin da ke neman tallafin gwamnati don shiga jami'a ba ya gaba sai iyayensa sun yarda an duba takardun harajinsu. Lamarin ya shafi Hausawa mazauna can, irin mutanen zangunan Ghana da 'yan Nijar da Najeriya da ke unguwar Bronx ta birnin New York, ya kuma shafi iyayen da ke gida amma 'ya'yansu na da shaidar zama 'yan ƙasar Amurka.

Ƙofar tallafin ita ce wani fom mai suna FAFSA, wanda Ma'aikatar Ilimi ta tarayya ke kula da shi. Kyauta ake cike shi, kuma a al'ada ana buɗe shi ranar 1 ga Oktoba. Da shi ake raba tallafin Pell, wanda ba a mayarwa, kuma mafi yawansa a 'yan shekarun nan dala 7,395 ne a shekara. Da shi ake ba da aikin wucin gadi a harabar makaranta da bashin karatu na gwamnati. Jihohi da jami'o'i da yawa ma da shi suke auna nasu tallafin.

Me ya kawo iyaye cikin maganar? Dokar ƙasar ta ɗauka cewa nauyin karatun yaro yana kan gidansu tukuna, gwamnati cikon giɓi take yi. Saboda haka ɗalibin da bai kai shekara 24 ba, a idon doka yana ƙarƙashin iyayensa, ko da ya kama hayar ɗakinsa yana ciyar da kansa. Waɗanda aka ware su ne irin mai aure, da mai 'ya'yan da yake ɗawainiya da su, da tsohon soja, da mai karatun digiri na biyu, da marayan da ya rasa uwa da uba.

Sai dai iyaye a wannan fom ba su da faɗin da muka sani. Mahaifi da mahaifiya ne kawai, ko wanda ya ɗauki yaro ya zama ɗansa ta hanyar kotu. Kawu ko goggo ko kaka da suka riƙi yaro tun yana goye ba sa shiga, kuma kuskure ne a sa kuɗinsu a gurbin na iyaye. Idan aure ya mutu, wanda ya fi kashe wa yaron kuɗi a cikin wata goma sha biyun da suka wuce shi ne zai ba da bayani, ba lalle wanda yaron ke kwana a gidansa ba. In kuma ya sake aure, to samun mijin uwa ko matar uba ma sai an haɗa, ko da ba su taɓa sayen fensir don yaron ba.

Shekarar harajin da ake dubawa ita ma tana rikita mutane. Ba ta bara ake tambaya ba, ta bara waccan ce. Mai neman tallafin zangon karatu na 2026 zuwa 2027, harajin 2024 za a duba masa. An koma wannan tsari ne daga fom ɗin 2017 zuwa 2018, domin kafin nan iyaye kan yi ƙiyasi saboda ba su gama lissafin harajin bara ba, daga baya a dawo ana gyare-gyare.

Babban sauyi ya zo da wata doka da majalisa ta zartar a Disamban 2020, wadda ta fara aiki a zangon 2024 zuwa 2025. Yanzu uba ko uwar da ake buƙatar bayaninsu kan buɗe nasu shafin a StudentAid.gov, su ba da izini a ɗauko alƙalumansu kai tsaye daga hukumar haraji ta IRS. Wannan izini wajibi ne, har ga wanda samunsa bai kai na cike takardar haraji ba, har ga wanda ba ya zaune a ƙasar. In aka hana shi, ba za a lissafa wa ɗalibi tallafi ba. Mahaifin da ba shi da lambar shaida ta zamantakewa ta Amurka shi ma zai iya buɗe shafin, domin cancantar yaro ake dubawa, ba takardun zaman iyayensa ba.

Daga waɗannan bayanai ake fitar da wani adadi mai suna SAI, wanda kan sauka ƙasa da sifili har zuwa -1,500. Gwargwadon ƙanƙantarsa, gwargwadon girman buƙatar ɗalibi. Kuɗin shiga shi ne ya fi nauyi a lissafin, bayan an cire haraji da abin da iyali ke buƙata don rayuwa gwargwadon yawansu. Gidan da ake zaune a ciki da ajiyar fansho ba sa shiga. Kuɗin banki da hannun jari da gidan haya kuwa suna shiga, ko a wace ƙasa suke, don haka filin da aka saya a Kano ko shagunan haya a Kumasi kadara ce da za a faɗa. Ana ƙirga abin da bai wuce kashi 5.64 cikin ɗari ba na dukiyar iyaye, amma kashi 20 na ta ɗalibi. Wato uban da ya tura ajiyarsa asusun ɗansa don a ga kamar ba shi da komai, ya gudu daga yayyafi ne ya faɗa mamako.

Iyayen da ke zaune a Najeriya ko Nijar, IRS ba ta da alƙalumansu, da hannu za su shigar, bayan sun juya naira ko sefa zuwa dala bisa canjin ranar da suka cike fom. Nan ne ɗan kasuwar da ba ya ajiye takarda kan sha wuya, domin makaranta na da ikon neman hujja. Takardar albashi, da shaidar biyan haraji, da bayanin asusun banki, duk a tanade su tun da wuri. Ɗalibin da ba ɗan ƙasar Amurka ba ne kuma ba shi da izinin zama na dindindin, galibi ba ya cikin tallafin tarayya. Jami'o'i masu zaman kansu da ke tallafa wa baƙi daga aljihunsu kan nemi wani fom na daban, irin CSS Profile na ƙungiyar College Board, wanda ya fi tonon asiri, don yakan tambayi har darajar gidan zama da samun mahaifin da yaro ba ya hannunsa.

Tunda lissafin na shekarun baya ne, yakan saɓa da halin da gida ke ciki yau. Aiki ya ƙare, ko an yi rasuwa, ko jinya ta cinye ajiya. Doka ta bai wa jami'in tallafi na kowace makaranta ikon gyara alƙaluman in an kai masa hujja, kuma iyalai da yawa kan yi shiru ne don ba su san da wannan dama ba. Ƙarya kuwa ba mafita ba ce: hukuncinta kan kai tarar dala 20,000 ko ɗaurin shekara biyar.

Abin da ya fi hana wasu iyaye sa hannu shi ne zaton cewa sun ɗauki bashi. Ba haka ba ne. Ba da bayani bai ɗora wa uba ko uwa biyan ko sisi ba, bashin iyaye fom ɗinsa daban ne, sai wanda ya nema. Amma ƙin bayarwa yana da farashi, kuma yaron ke biya. Ƙin da iyaye suka yi bai isa a ɗauke shi a matsayin mai cin gashin kansa ba, sai in akwai dalili mai tsanani kamar cin zarafi ko watsarwa. Abin da ya rage masa daga tarayya shi ne bashin da bai wuce dala 5,500 ba a shekarar farko, wanda ruwansa ke hawa tun yana aji. Duk mai ƙyamar kuɗin ruwa ya lura da kyau: sa hannun nan shi ne hanyar tallafin da ba a biya, ƙin sa shi ne ke tura yaro ga bashi.