A Daina Ƙona Takardun Shaida da Sunan Laminatin

Duk lokacin da aka fara ɗaukar aiki ko neman gurbin karatu, shagunan kwamfuta a Tambuwal da Dogon Daji kan cika da matasa, wasu tun daga Kebbe da Kuchi, kowa riƙe da takardunsa yana cewa, “Malam, a sa mini leda.” Takardar haihuwa, shaidar ɗan ƙaramar hukuma, sakamakon WAEC da NECO, har da takardar gonar gado, duk a cusa a inji. Wai ta haka ne takarda ba ta lalacewa. Wannan magana ta ishe ni.

Laminatin dai leda ce mai gam a ciki, injin ya narkar da gam ɗin da zafin da yakan wuce na tafasasshen ruwa, ya manne shi da takarda. Akwai mai sheƙi, akwai marar sheƙi. Ba nan matsalar take ba.

Matsalar ita ce abin da ya manne ya manne ke nan. In ka ce za ka ɓare, rubutun ne zai biyo ledar. Jami'in da ke tantancewa kuwa so yake ya shafa hatimin da ya yi tudu, ya ɗaga takardar ga haske, ya ga ko an kankare suna ko shekara. Leda ta rufe duk wannan, shi ya sa masu takardun jabu suka fi kowa son ta, shi ya sa kuma ofisoshin jakadanci da dama ba sa karɓar takardar da aka rufe haka. Wanda zai tafi karatu Madina ko Alƙahira, ina za a buga masa hatimi a kan leda? Rasidin POS kuma, da zarar ya ji zafin injin, baƙi ƙirin yake komawa nan take. Ga WAEC ba ta sake buga takardar asali; sai dai shaidar tabbatarwa, ko ta intanet da ta ɓullo da ita a 2022.

Masu cewa sai da leda takarda ke daɗewa su je Hukumar Tarihi ta Waziri Junaidu a Sakkwato. Rubuce-rubucen zamanin Shehu da Bello suna nan, gafaka ce ta riƙe irinsu shekara da shekaru.

Na san tsoron mutane: ɗigar ɗaki da damina, gara, ɓera. To, a yi fotokwafi, ita za a yi wa laminatin a riƙa yawo da ita. Ta asali a sa ta a jakar leda mai buɗewa, a shimfiɗe, kada a naɗe, kada a buga mata ƙusar sitefila. A zuba a akwatin ƙarfe, a ɗora shi kan bulo nesa da bango, ba ƙarƙashin katifa ba don Allah. In damina ta wuce a fito da su su sha iska a inuwa. A ɗauki hotonsu gaba da baya a tura imel, domin waya kan ɓata. Wanda ya riga ya yi wa ta asali laminatin, ya bar ta haka. Kada wani ya ruɗe shi da ɓare ledar da dutsen guga.

Katin makaranta, jadawalin farashi da sanarwar da za a liƙa a ƙofar masallaci, waɗannan a sa musu leda son rai.