Ko Ka San Taswirar da Ke Bin Sawun Ɓarawo?

Idan aka kore wa mutum shanu da dare a ƙauyukan Yankwashi ko Gwiwa, da asuba masu bin sawu ke fita, suna duba kofato a kan rairayi har inda sawun ya ɓace. Ko ka san kwamfuta ma tana bin sawu? Sawun da take bi kuwa shi ne na ƙarar da aka kai caji ofis.

Duk ƙarar da ta shigo, ana rubuta wuri da rana da lokaci. Wayar hannu na iya tantance wurin, ta hanyar taurarin ɗan'adam na GPS da ke shawagi kimanin kilomita 20,000 a sama. Da ta kama saƙon taurari 4, ta san inda take tsaye. Sai kowace ƙara ta zama ɗigo a taswira. Da ɗigon sun taru, sai DPO ya ga cewa satar babur ta fi yawa a mararraba kaza, ranar kasuwa, bayan magariba. Can zai tura sintiri, maimakon ƙona mai a banza.

A 1989 wani bincike a birnin Miniyafolis na Amurka ya gano cewa kusan rabin kiran da ake yi wa 'yan sanda daga kashi 3 cikin 100 na wuraren birnin yake fitowa. A 1994 'yan sandan Niyok suka kafa tsarin bin sawun laifuka da kwamfuta mai suna CompStat, wanda ya samo asali daga taswirorin da wani jami'i, Jack Maple, ke liƙawa a bango.

Irin wannan fasaha ta riga ta taka ƙasarmu. A yaƙi da cutar shan inna, an zana ƙauyuka da rugage na jihohin Arewa daga hoton tauraron ɗan'adam, aka bai wa masu rigakafi wayoyi masu GPS don a ga wurin da aka tsallake.

Amma taswira ba ta san abin da aka ɓoye mata ba. Wanda aka sace wa akuya ya ce ya bar wa Allah, ya bar ɓarawo da hanya a buɗe zuwa garken maƙwabcinsa. Kai ƙara wurin mai unguwa da 'yan sanda, ka faɗi wuri da lokaci daidai. Da ɗigonka ake gano sawun.