Sunan Gurbi a Allon Kwamfuta da Sunansa a Rumbun Bayanai: Misali daga Boɗinga da Shagari

1.0 Gabatarwa

Kowane gurbi da akawu ke cikewa a kwamfutar ciniki yana da suna biyu. Na farko shi ne wanda ake gani a allo, na biyu kuwa yana ɓoye cikin rumbun bayanai, watau inda na'ura ke ajiye lissafi. Manufar wannan takarda ita ce ta nuna cewa waɗannan sunaye ba aiki ɗaya suke yi ba, don haka bai kamata a raɗa su bisa ƙa'ida ɗaya ba.

2.0 Sunan Allo

Sunan allo na mutum ne. Wajibi ne ya zo da cikakkiyar Hausa, da ƙugiyoyinta, kamar "Ƙaramar Hukuma" ko "Garin Mai Saye". Yana kuma sakewa da zamani. Alal misali, kafin gyaran mulki na 1976 En'e ake cewa, daga baya aka koma Ƙaramar Hukuma. Irin wannan canji ba ya ɓata kome muddin a allo ya tsaya.

3.0 Sunan Rumbu

Sunan rumbu na na'ura ne da masu tsara ta, kuma yana da takunkumi. Tsarin haruffa na ASCII, wanda ya fito a Amurka a 1963, alamomi 128 ne kawai, babu ɓ, ɗ ko ƙ a ciki. A 1991 tsarin Unicode ya zo da su. Haka nan manhajar dBASE III ta 1984 ba ta karɓar sunan gurbi da ya wuce harafi 10. Ke nan "Ƙaramar Hukuma" sai ta koma KAR_HUKUMA. Da zarar an raɗa wannan suna ba a taɓa shi, domin rasidi da rahoton wata da lissafin bashi duk da shi suke kiran gurbin.

4.0 Inda Matsala Take

Mu ɗauki ɗan kasuwa mai sayar da takin zamani bashi ga manoman Boɗinga da Shagari. Kalmar "Shagari" sunan gari ce, sunan ƙaramar hukuma ce, kuma laƙabin mutum ce, kamar yadda Alhaji Shehu Shagari, Shugaban Ƙasa daga 1979 zuwa 1983, ya ɗauki sunan garinsu. Idan allo ya ce "Wuri" kurum, wani akawu zai rubuta ƙauye, wani ƙaramar hukuma. Idan kuma rumbu ya ce SUNA2, mai tsarawa na gaba ba zai san laƙabi ake nufi ko sunan uba ba. Ƙarshenta sai a ɗora wa mutumin Boɗinga mai laƙabin Shagari bashin wani, a kuwa nan zumunci ke lalacewa.

5.0 Kammalawa

Shawararmu uku ce. Na ɗaya, sunan allo ya yi tambaya guda bayyananna. Na biyu, sunan rumbu ya bi tsari ɗaya, babu ƙugiya, babu tazara: LAKABI, GARI, KAR_HUKUMA. Na uku, a ajiye ƙamus mai jera kowane sunan allo daura da na rumbu da ma'anarsa. Rubuta wannan ƙamus aiki ne na haɗin gwiwa tsakanin masana Hausa da masana kwamfuta.