Kiwon kifi cikin gida: ruwa ne ke cinye jari

Masu karatu, a Yamai, Maraɗi da Damagaram muna ganin gidaje na gina kwamin siminti ko kafa tamfol a tsakar gida domin kiwon tarwaɗa. Mata da yawa kuɗin adashe suke zubawa. In kifi ya fara mutuwa, sai a ce ciwo ne ko bakin mutane, alhali sau da yawa ruwan ne ya ɓaci.

Tun daga farko ake yin asara. Sabon siminti yana sakin wani kaifi irin na toka mai ƙone fatar kifi, don haka sai an cika kwamin, an bar shi mako 2 ana zubarwa ana sakewa, kafin a sa ƴaƴan kifi. Ruwan famfo kuma akwai maganin kashe ƙwayoyin cuta a cikinsa, mai warin jabel. A tare shi a buɗe ya kwana 1 ko 2, maganin zai fita. Masu kifin ado cikin akwatin gilashi ma su kiyaye wannan.

Babbar matsalar dai tana wajen abinci. Muna son kifi ya yi ƙiba da wuri mu kai kasuwa, sai mu yi ta watsa masa. Abin da bai ci ba yana nutsewa ya ruɓe, ya haɗu da kashinsa, ya zama guba da ake kira amoniya. Kuɗi ne aka saya aka zuba, ya komo yana kashe dukiya! A ba su abin da za su cinye cikin minti 15. In ruwa ya fara ɗoyi ko kumfa, a tsai da abinci yini guda, a sake kashi ɗaya cikin uku na ruwan, daga ƙasa inda dauɗa ta kwanta.

Da bazara, watan Afrilu da Mayu, zafi na wuce digiri 40, ruwa mai ɗumi kuwa ba ya riƙe iska sosai. Tarwaɗa na iya shaƙar iska a sama, shi ya sa take yaudarar mai ita: tana raye, amma ta daina girma. Karfasa ba ta da wannan dabara. A yi wa kwami rumfar zana, a kuma leƙa shi bayan sallar asuba, lokacin da iska ta fi ƙaranci. In an tarar da karfasa sun taru a sama suna buɗe baki, a ƙara sabon ruwa nan take.

Awon koren ruwa ba ya buƙatar ko dala: a tsoma hannu har gwiwar hannu, in ba a ganin tafi, ruwan ya yi kauri. Wanda aka fitar kada a malala shi a titi, taki ne mai kyau ga zogale da tumatir.