Daga Jakara Zuwa Falgore

Shirinmu na yau daga Jakara yake zuwa muku, inda 'yan adaidaita sahu ke bi ta kan kogin da aka rufe da kankare. Littafin tarihin Kano ya nuna cewa a zamanin Barbushe wurin nan kurmi ne da ya kewaye wani baƙin ruwa. A gefensa Sarki Muhammadu Rumfa ya kafa Kasuwar Kurmi a ƙarni na 15, kuma ko a 1851 da Baturen nan Barth ya zo, fadama ya tarar ta ratsa birni. Yaron da aka haifa a nan yau kuwa, lambatu kawai ya sani.

Shi ya sa muke ganin ya kamata Bakano ya riƙa taka daji da ƙafarsa, tun akwai sauran dajin. Dajin Falgore na nan kudu da Kano, kimanin kilomita 150 a kan hanyar Jos. Wanda ya yi sammako cikin watan Agusta ya gangara kwarin da Kogin Kano ke bi, zai tarar hazon damina ya kwanta tsakanin duwatsu, mai sanyi da laima, ba irin ƙurar hunturu mai shaƙe maƙogwaro ba. Zai ga ganyen maɗaci da kanya na ɗigar raɓa, ƙasa ta jiƙe tana tsattsafo da ruwa a hankali. Ruwan nan ne ke taruwa a madatsar Tiga, ya shayar da shinkafar Kura da tumatirin Kadawa, a tace shi a Tamburawa ya shigo famfunan birni. Wanda idonsa ya ga haka, in ya hangi motar gawayi ta fito daga dajin, ya san abin da ake ɗebe masa.

Wani zai ce yawon daji aikin wanda ya ƙoshi ne, talaka na ta abin sawa a bakin salati. Gaskiya ne kuɗin mota ba wasa ba. Sai dai talakan ne ke sayen jarkar 'yan garuwa da tsada in ruwa ya yi ƙaranci, don haka shi ya fi kowa hakki a kan dajin, kuma makarantu da ƙungiyoyin unguwa na iya haɗa kuɗin bas guda. Babbar magana ita ce tsaro, domin Falgore ya yi ƙaurin suna da ɓarayin shanu da masu garkuwa da mutane, kuma ba mu ce kowa ya kutsa shi kaɗai ba. Amma dajin da mutanen kirki suka ƙaurace wa, ɓarawo da mai sarar itace ke gadonsa. Abin da muke nema daga gwamnati shi ne hanyoyin ƙafa sanannu kusa da bakin titi, da rakiyar ma'aikatan gandun daji da mafarautan Doguwa da Tudun Wada, waɗanda suka san kowane kwazazzabo, a kuma biya su ladan aikinsu.